Dokin da Zaharaddini Bai Tura Ba

Ƙungiyar garin Cadawa ta zo Gidan Rumji buga darar Turawa, wadda 'yan lakol, wato 'yan boko, ke ce wa eshek. Ƙungiyar da ta ci ita za ta tafi gasar Yamai. An tashi daga sauran alluna ba wanda ya fi wani, saura allon farko. In aka yi canjaras a nan masu gida ne za su wuce, don sun fi maki tun wasannin baya.

Zaharaddini ne gwanin Cadawa. Sai dai wanda ke gabansa Malam Hayatu ne, gwanin Gidan Rumji, kuma mahaifin matarsa Rahina. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, yau shi aka ce ya kashe wa sarki a bainar jama'a.

Tun da aka fara bai ɗaga kai ba. Can sai hanya ta buɗe: in ya tura doki, sarkin tsohon ba shi da mafita. Ya miƙa hannu, idonsa ya faɗa kan furfurar surukin nasa, sai hannun ya tsallake dokin ya tsaya a gaban tsohon.

"Baba, mu bar shi canjaras."

Malam Hayatu ya daɗe yana duban allon kafin ya karɓi hannun.

Abin haushi, mutanen Cadawa ba su gane komai ba. Ɗanlami, shugaban ƙungiyar, wanda ya shekara yana tara su a gindin itacen bedi da zancen Yamai, shi ya fara rungume Zaharaddini.

"Ka riƙe Hayatu, ai ka yi ƙoƙari. Wani hani ga Allah baiwa ne."

Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya ji kunyar mutum ɗaya, ya ci amanar abokan tafiyarsa, kuma ya san haka sarai.

A bakin mota tsohon ya jawo shi gefe.

"Na ga dokin nan, kuma na san ka gane shi. Da na ƙi hannunka da ya fi, amma son zuwa Yamai ya rufe mini baki. To, wa za ya faɗa ma Ɗanlami, ni ko kai?"

Zaharaddini ya waiwaya. Ɗanlami ya hana kowa kujerar gaba, yana ta yafito shi ya zo ya zauna.