Rufin Gilashin da Abdulmajeed Bai Ɗora Ba

Kwana tara da rasuwar Abdulmajeed, Rekiya ta kasa zama a kan tabarmar takaba. Ta zauna, ta tashi, ta ɗaga labule, ta saki, ta sake ɗagawa. Ba komai take kallo ba sai motar da ke tsaye a tsakar gidansu a Jiwa, an lulluɓe samanta da shuɗin tampol, iska tana ɗaga shi tana mayarwa.

Motar ta Alhaji Maitama ce, wani darakta a wata ma'aikata a Garki. A-kori-kura ce, amma ba irin wadda aka saba gani ba. Ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar waya, idan tana tafiya kuma ba ka jin komai sai ƙarar taya. Rufinta gilashi ne guda ɗaya, tun daga kan direba har kujerar baya. Leburorin gonar Alhajin a Gwagwalada ne suka ɗora mata bututun ƙarfe a sama suka ɗaure da igiya, yadda suka saba yi wa tsohuwar motar gona, gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Sai da aka yi wata biyu kafin sabo ya iso a cikin akwatin katako.

Gilashin mota shi ne sana'ar Abdulmajeed, a gida kuma yake yinta. Rekiya ce hannunsa na biyu. Shekara goma sha bakwai tana kama masa ɗaya gefen duk lokacin da gilashi ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ranar da zai rasu ya yanke tsohon da siririyar wayar ƙarfe, ya kankare bakin rufin, ya gwada sabon ya mayar da shi akwati, ya ce da safe za su ɗora. Ya je alwalar la'asar, ya faɗi a bakin famfo. Ba su kai asibiti da shi ba.

Tun daga ranar motar take nan da rami a ka. Ga shi damina ta ƙarato, kwana biyu ke nan hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Abdulmajeed bai taɓa barin mota ta fita daga ƙofar gidan nan da aiki rabi ba. Wannan ne ya hana ta zama.

Ta ja hijabi ta fita. A ƙarƙashin rumfa, inda ya jingina akwatin a tsaye, babu komai sai shatinsa a ƙasa. Ta duba bayan ɗaki, ta duba gefen kicin. Can kusa da ƙofar gida ta hango shi kwance, an shimfiɗa masa darduma, ga zoben kofin shayi a jikin katakon.

“Yaya,” ta kira. “Yaya Hadijatu, wa ya kwantar da wannan?”

Hadijatu yayar Abdulmajeed ce, ta zo daga Keffi ta tare a gidan tun ranar jana'iza. Ta fito da ludayi a hannu.

“Wanne? Bencin? Kujeru ne suka yi kaɗan. Liman ma a kai ya zauna, shi da mutum uku.”

“Ba benci ba ne. Gilashin motar ne a ciki.”

“To wa ya sani? Katako muka gani mai faɗi. Ke kuma me ya fito da ke? Koma ciki, mutane na iya zuwa.”

Rekiya ba ta koma ba. Ta zagaya akwatin sau biyu. Gilashi ba a kwantar da shi, a tsaye yake kwana, ko yaran unguwa sun sha jin wannan daga bakin Abdulmajeed. Liman kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Ta durƙusa ta kara kunne a jikin katakon, kamar zai gaya mata wani abu.

Tana nan durƙushe aka buga ƙofa. Thaddeus ne, direban Alhaji Maitama, mutumin Kagoro mai furfura a gemu. Ya cire hula ya yi mata gaisuwa yadda ta kamata, ya ce Allah Ya ba da haƙuri, sannan ya tsaya yana juya makulli a yatsa.

“Maman Nabilah, Oga ne ya aiko ni. Ya ce kada ki damu da komai. In ɗauki motan da akwatin in kai wani kamfani a cikin gari su gama. Kin ga ruwa yana zuwa, motan nan kuma ba ya son ruwa, ciki duk waya ne.”

“Madalla,” in ji Hadijatu. “Ɗauka, Allah Ya raka taki gona. Ko wurin shanya mun samu.”

Rekiya ta dubi motar. A ranta ta hango ta tana fita a hankali ba ƙara, tampol yana kaɗawa, maƙwabta suna kallo. Ta hango masu kamfani sun buɗe akwatin sun tarar da gutsattsari, wani ya ce, ai mai gilashin Jiwa ne ya fasa ya rufe. Ba wanda zai ce liman.

“Bari in buɗe tukuna,” ta ce.

Ta ɗauko sukuddireba a jakar kayan aikinsa. Kan sukuddireban sai zame mata yake yi, Thaddeus ya karɓa ya kwance sauran kusoshin. Suka ɗaga murfin, ta janye soso. Gilashin yana nan baƙi wuluk, fuskarta da sararin sama a cikinsa. Ta bi gefensa da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ta sake bi. Babu tsaga.

“Kai, Oga Majeed yana da sa'a,” in ji Thaddeus. Sai ya tuna, ya sunkuyar da kai.

A gefunan gilashin akwai guntayen salatif huɗu, kowanne da layin biro. Ta san su. In ya gwada gilashi ya ga ya zauna daidai, sai ya manna salatif daga jikin mota zuwa gilashin, ya ja layi, ya yanka a tsakiya. Ranar ɗorawa ba sai an yi awo ba, layi kawai za a haɗa da layi. Ta hau taya ta ɗaga tampol. Sauran rabin salatif ɗin suna nan a jikin rufin.

“Ya gama aikin,” ta ce. “Ɗorawa ce kawai ta rage. Malam Thaddeus, za ka kama mini gefe ɗaya?”

“Ni? Madam, ni tuƙi na sani.”

“Ɗagawa ce da saukewa. Ni zan faɗa maka yaushe.”

Hadijatu ta ajiye ludayin a kan darduma. “Rekiya, kina cikin hankalinki? Kwana tara. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ke kina saman mota da namijin da ba naki ba. Me za a ce a garin nan?”

“A cikin gidana nake, Yaya. Ban taka waje ba.”

“Ba a hana ki gidanki ba. Kunya fa?”

“In motar nan ta fita haka, shi za a zaga, ba ni ba. Shi kuma ba ya nan balle ya amsa.”

Thaddeus ya koma gefe ya kira Alhaji a waya, ana jin yana cewa, “Yes sir, ita da kanta sir.” Ya dawo ya ce Oga ya ce in ta tabbata, bismillah, amma in ya fashe a hannun Thaddeus kada ya dawo Garki.

“Wasa yake yi,” ya ƙara. “Ina jin.”

Suka janye tampol. Rekiya ta jawo benci biyu na gaskiya, ɗaya a kowane gefen motar. Ta goge bakin rufin da tsumma mai tsabta, ta shafa baƙin ruwan nan da ake shafawa kafin gam, ta tsaya jira ya sha iska. Jiran ne ya fi wuya. Ta sauka, ta hau, ta dubi gabas. Hadarin ya yi baƙi a kan duwatsu, iska ta fara kawo ƙamshin ƙasa. Ta manna robobin kamu da ake ɗaga gilashi da su a jikinsa, ta nuna wa Thaddeus inda zai riƙe, suka ɗaga sau biyu a banza don hannunsu ya saba.

“Ku saurara,” ta ce, ta sa gam a bindigar da ake matsa shi da ita. “In na fara zubawa ba na tsayawa. Layi ɗaya ne har ya zagayo ya haɗu. In ya katse, nan ruwa zai bi. In ya haɗu kuma ba jira, yana fara bushewa. Ko wa ya yi magana ba zan amsa ba.”

“Ko shi haka yake yi mana,” in ji Hadijatu a hankali. “Ka zo tun daga Keffi, kana sallama yana kallon roba.”

Rekiya ta fara daga baya. Gam ɗin yana fitowa baƙi, mai kauri kamar yatsa, tana matsawa tana ja. Ta wuce kusurwa ta farko. Ta taka bayan motar inda ake loda kaya ta tsallaka ɗaya gefen ba tare da ta ɗaga hannu ba. Ta kai rabi, tsintsiyar hannunta ta fara zafi, sai ta ji sallama a ƙofa.

Mata ne, su biyar ko shida, na makarantar Islamiyyar da take zuwa, malamarsu a gaba. Sun shigo a jere da hijabai har ƙasa, suka tsaya cik. Malamar ta sake sallama, ta ce, “Rekiya, ya haƙuri?”

Mai takaba in an zo mata gaisuwa, zama take yi ta sunkuyar da kai ta amsa. Rekiya ta sani. Kwana tara ba abin da take yi sai shi. Bakinta ya motsa, hannunta ya so ya saki. Ta ga layin ya fara sirancewa, ta ƙara matsawa. Ba ta ɗago ba. Tana jin idanunsu a bayanta, tana jin wata tana raɗa.

Sai muryar Hadijatu ta fito, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

“Wa alaikumus salam, sannunku da zuwa. Haƙuri da godiya. Ku shigo daga ciki, ga tabarma. Aikin da ƙanena ya bari take ƙarasawa, ba a magana a kansa. Ni yayarsa ce, ni za ku yi wa gaisuwar kafin ta sauko.”

Ta tattara su kamar kaji ta yi ɗaki da su.

Layin ya zagayo ya haɗu. Rekiya ta ajiye bindigar, ta sauka, suka kama gilashin. Ya fi nauyi yanzu, ko hannunta ne ya mutu. Suka hau bencinan, ita dama shi hagu, gilashin yana shawagi a kan ramin.

“Kada ka sauke. Matso gaba. Kaɗan. Ya yi yawa, dawo. Kalli layinka.”

“Madam, hannuna.”

“Kalli layinka, Malam Thaddeus. Ya haɗu?”

“Ya haɗu.”

“Na baya fa?”

“Saura ƙiris. To. Ya haɗu.”

“Bismillah. Sauke.”

Ya zauna da wata 'yar ƙara mai laushi. Ta bi gefen da tafin hannu tana dannawa a hankali, ta kama shi da dogayen salatif zuwa jikin mota. Kusurwar baya ta hagu ta ɗan fi sauran tashi, kamar kaurin farce. Abdulmajeed da ya gani da ya yi tsaki. Ta danna, ta sake dannawa, ya sauka rabi ya tsaya. Ta bar shi.

Ta wanke hannu da kananzir, ta shiga ta zauna a gaban matan, ta sunkuyar da kai. Suka yi addu'a mai tsawo. Tana cewa amin, kunnenta yana waje. Da za su tafi malamar ta riƙe hannunta ta dubi baƙin da ya maƙale a farcenta, ta ce Allah Ya jiƙansa.

Ba su kai bakin titi ba ruwa ya sauko. Rekiya ta fito da gudu, ta tarar Hadijatu ta riga ta shige motar, ta kishingiɗa a kujerar baya tana haska gefunan rufin da tocilan. Thaddeus yana rumfa ya rungume hannu. Ruwan yana dukan gilashin yana gangarowa ta ko'ina. Rekiya ta tsaya a cikinsa, hijabinta ya manne a jiki.

“Kusurwar baya, Yaya. Ta hagu. Sa yatsa.”

“Na sa.”

“Da danshi?”

“A bushe yake. Ke, ashe daga ciki ana ganin ruwan yana faɗowa a kan mutum, amma ba ya taɓa shi. Masu kuɗi da neman magana.”

“Sake dubawa.”

“Na ce miki a bushe yake. Shiga ciki kafin ki ja mana wata jinyar.”

Hadijatu ta fito, ta kama ƙofar da hannu biyu za ta buga ta yadda ake buga ta motar haya. Rekiya ta tare da ƙafa.

“A hankali. Iskar ciki za ta tura shi sama, gam bai kama ba.”

Ta tura ƙofar da kanta har ta ji ta ce ƙyas. Ta juya wajen rumfa.

“Ka gaya wa Alhaji ba za ta motsa ba sai gobe bayan azahar. In ka zo, ka bi ramukan hanyarmu a hankali. Salatif ɗin kuma ka bar shi kwana biyu.”

Thaddeus ya ce to, ya ɗora jakar leda a ka ya tafi neman mota.

Rekiya ta shiga ta canza kaya. Ta zauna a kan tabarma, ta ɗauki carbi. Ba ta kai talatin da uku ba ta ajiye, ta kai hannu wajen labule.

“Zauna,” in ji Hadijatu daga bakin ƙofa. “Ina kallon motar.”