Ragar da Na Cire a Famfon Aisami

Shekara talatin na yi ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a Gure, kuma kowa ya san Hashimu makaniki ba ya son a koya masa aikinsa. Wannan halin nawa shi ya jawo abin da har yau nake jin nauyinsa a ƙirji.

Aisami ɗan Malam Garbai ne, wani makiyayi a wajen Alakoss da muke mutunci da shi tun ina saurayi. Aisami ya sayar da raƙuman uban guda biyu a ɓoye, ya tafi Libiya, suka yi shekara bakwai ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Da ya dawo bai wuce gida ba. Ya yada zango a Gure da wata jar mota kat-kat mai shiga rairayi da aka ƙara wa injinta ƙarfi, irin wadda in an taka ta awakin unguwa ke watsewa. Wata safiya ya shigo garejina da kwali a hammata.

"Kawu Hashimu, a kwalta ba ta da sa'a, amma da ta kama tudun rairayi sai ta riƙa shaƙewa," in ji shi. "Famfon mai na cikin tanki ne ba ya ƙosar da injin. Ga wani na taho da shi, ya ninka wancan ƙarfi."

Na ce, "Kai Aisami, kwana nawa kake garin nan? An ce tsohonka yana kwance. Ka je ka gan shi, famfo ba zai gudu ba."

"Da wace fuska, Kawu? So nake in shiga da motar lafiyarta lau, ya ga ban tafi a banza ba. Kuma tare za mu je. Kai za ka roƙar mini gafara, ba zai mayar da maganarka ba."

Haka ake yi a wajenmu, wanda ya saɓa wa iyaye ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya sa babba a gaba. Na amsa masa, har na ji daɗi da ya zaɓe ni.

Muka zuƙe man da tiyo, muka kwance tankin muka sauke shi, na buɗe murfin na zaro tsohon famfon. Sabon kuwa abin sha'awa, da nauyinsa, a bakinsa da wata 'yar farar raga kamar safar jariri. Aisami ya zaro takarda daga kwalin yana karanta mini.

"Sun ce a wanke tanki tas kafin a saka. Ragar nan kuma kada a taɓa ta."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Su waɗanda suka rubuta, sun taɓa shan man kwalba? Je ka sayo wa tsohonka shayi da sukari, ka bar ni da abin da na sani."

Ya yi dariya ya tafi kasuwa. Ni kuma na sa hannu na ɓalle ragar na jefa a kwandon shara. Ba mugunta ba ce. Duk makanikin garin nan haka yake yi, domin man da ake saye a kwalabe bakin hanya ba ya rasa datti, ragar takan toshe cikin wata guda, mai mota ya dawo yana yi maka ihu a gaban mutane. Mukan cire ta, mu ce wa direba ya riƙa tace mai da ƙyalle. Ƙananan famfunan da muka saba da su a hankali suke tsotsa, dattin ya yi kwanciyarsa a gindin tanki. Ban tsaya na yi tunanin cewa wannan ba irinsu ba ne. Tankin ma girgiza shi kawai na yi sau biyu na tuntsurar, na ce ya wanku.

Da yamma muka gwada ta a hanyar Damagaram. Wallahi sai da na riƙe hulata. Aisami yana dukan sitiyari yana cewa, "Kawu, hannunka da albarka!" Ni kuwa na hura hanci, ban ce masa komai game da ragar ba.

Washegari da hantsi ƙanwarsa Zara ta kira shi. Ta ce jikin Baba ya tsananta, tun asuba sunansa yake kira. Ko shayin da ke hannuna ban ƙarasa ba muka kama hanya. Motar ta riƙa haɗiye tuddai ɗaya bayan ɗaya, muna wuce kwaruruwan dabino, ni ina ta tsara a zuciyata yadda zan buɗe wa Malam Garbai magana. Mun ci fiye da rabin tafiya sai ta yi tari. Ta sake yi. A gindin wani tudu ta mutu murus, wurin da ko waya ba ta kamawa.

Na murɗa makulli na kasa kunne, ban ji kukan famfo ba. Muka haƙa rairayin ƙarƙashin motar da hannu, muka sauke tankin cikin rana. Da na zaro famfon yana da zafi kamar an ciro shi daga murhu, bakinsa cunkushe da yashi da tsatsa. Tsalle-tsallen hanya ya tayar da duk dattin da na bari, shi kuma ya zuƙe da ƙarfinsa har ya ƙone. Tsohon famfon da zai fitar da mu yana can kan teburin garejina.

Aisami ya karɓa ya juya shi. Ya ce, "Kawu, ina ragar?"

"Na cire ta."

Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya ajiye famfon a kan taya, ya hau tudu yana ɗaga waya sama, ya sauko, ya sake hawa. Muka yi azahar a nan da taimama. Sai bayan nan wani mai babur da ke kai wa makiyaya kaya ya ɓullo, ya sauke buhunansa gefen motar, ya ɗauke mu mu biyu.

Da la'asar muka iso. Tun daga nesa na hango maza suna dawowa daga bayan gari, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu riƙe da makara babu kowa a ciki. Aisami ya diro tun babur bai tsaya ba, ya faɗi, ya tashi, sannan ya tsaya cak.

Baffansa Abatcha ya kama hannunsa. "Mun jira, ɗana, har rana ta fara taɓa shi. Me ya tsayar da ku?"

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Aisami ya riga ni. "Ni na tsayar da kaina, Baffa. Kwana goma sha biyu ina Gure."

Ya rufa mini asiri a gaban mutane, kuma wannan ya fi komai ƙona ni. Kunya ta hana ni ɗaga ido.

Bayan an yi addu'a na samu Zara a bakin rumfa. Ta ce tun da Malam Garbai ya ji muna hanya ya sa aka fito da shi waje, aka jingina shi yana kallon inda mota za ta ɓullo. Na sassauta murya, ban san Aisami yana tsaye a bayana ba.

"'Yata, kafin ya cika, ya ce ya yafe masa?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Na roƙe shi, Kawu, har sau biyu. Ya ce in bari, ai yaron yana hanya, da bakinsa zai faɗa masa."