Tela da Soson Teku

Shekara arba'in Tela ya yi a kan keken ɗinki, kuma da shi ya ciyar da 'ya'ya biyar. Huɗu ya san aikinsu. Ta biyar ɗin, Auta, ita ce ta gagare shi bayani. Tana jami'a tana neman digiri na uku, kuma duk wanda ya tambayi abin da take karantawa, sai Tela ya sunkuya yana gyara zare ya ce, "Soso."

"Na wanka?"

"Na teku. Wai dabba ne."

Mai gyaran agogo da ke shagon gefe ya kan ce, "To, in ta gama sai ta karanci sabulu." Tela ya kan taya shi dariya, amma abin na ɗan sosa masa rai.

Wata Laraba da la'asar Auta ta shigo shagon, ta gaishe shi, ta zauna a bencin masu jiran ɗinki. Ya ga ta faɗa, idanunta sun zurma.

"Lafiya dai, Auta?"

"Baba, wata uku ke nan aikina ya ƙi."

Ya ɗage ƙafa daga keken. Ta yi masa bayani a hankali. Soso ba shi da baki, ba ciki, ba ƙwaƙwalwa, yana cikin dabbobin da suka fi daɗewa a duniya. In aka yanki ɗan guntunsa aka matse ta cikin ƙyallen siliki, ƙwayoyin jikinsa sai su rarrabu ɗaya-ɗaya a ruwan teku. In an bar su, sai su nemo juna su sake gina sabon soso. Yadda suke gane juna ɗin take son ganowa, domin ana ganin daga irin wannan haɗuwa jikin dabbobi ya faro.

Ta ce, "Nawa ƙwayoyin kuwa mutuwa suke yi. Na canja ruwa, na canja kwano, na rage sanyin ɗaki. Da safe sai in tarar da su kamar ruwan wanki."

"Ina ƙyallen?"

Ta zaro shi daga jaka. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya shinshina, ya ɗaga shi ga haske. Ya zare zare ɗaya ya ƙyasta masa ashana. Zaren ya narke ya dunƙule, ya yi tauri.

"Wa ya ce miki siliki ne? Siliki na gaskiya ƙaurin gashi yake yi, ya zama toka. Wannan roba ce. Ga shi sabo fil, da sitaci da maganin kamfani a jikinsa. Ni ma in na yini ina ɗinka irinsa, hannuna ƙaiƙayi yake yi, balle abin da ba shi da fata."

Auta ta karɓi zaren ta murza dunƙulen da yatsa.

Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin teburin yanka, ya tono ragowar wani farin siliki da ya daɗe a ajiye. A gida ya tafasa shi sau uku, bai sa sabulu ba. Da ya bushe, ya yanka shi gida shida, ya ɗinka ƙananan jakunkuna da hannu, don kada man keke ya taɓa su. Idonsa ya yi rauni, sai da matarsa ta riƙa zura masa zare a allura tana tsokanarsa cewa ya tsufa ya koma ɗinka wa kifi riga.

Washegari ya ba Auta jakunkunan ta je ta yi tata da su. Bayan kwana takwas ta zo da safe ta ce ya rufe shago ya bi ta. Bai taɓa shiga ɗakin gwajinsu ba. Akwai sanyi, ga akwatunan gilashi cike da ruwa, famfo na ta gurnani. Malamarta, wata mai furfura, ta taso ta gaishe shi.

"Baba, sannu da zuwa. Mu da digirorinmu mun duba komai, ban da ƙyalle."

"Malama, kowa da abin da hannunsa ya sani," in ji shi, yana jin kunya.

Auta ta zaunar da shi gaban madubin da ke ƙara girman abu, ta nuna masa yadda zai murɗa har ya gani sosai. A kwanon farko, wanda ta tace jiya, ya ga ɗige-ɗige suna rarrafe a hankali, wasu sun riga sun manne da juna. A na biyu, mai kwana takwas, ya ga wani ɗan dunƙule mai ƙananan ƙofofi. Ta ɗiga ruwa mai launi a gefensa. Launin ya shige ta ƙofofin, ya fito ta sama siriri kamar hayaƙi.

"Yana da rai ke nan?"

"Yana da rai, Baba. Abincinsa yake tacewa."

Ya daɗe bai ɗago ba. Duk rayuwarsa shi ke haɗa abin da aka yanka, yau ga abin da ya haɗa kansa ba allura ba zare. Ya yi hamdala a ransa da Allah ya bar shi da sauran gani har ya ga wannan, kuma a hannun 'yarsa.

Auta ta durƙusa kusa da kujerar. "Na gode, Baba. A da saura kaɗan in haƙura da karatun."

"Ni ne da godiya. Tashi, kada ki ɓata farar rigarki."

Ta kammala a ƙarshen shekarar, aka kuma riƙe ta tana koyarwa. Shi kuwa kafin ya bar ɗakin a ranar, ya lura labulen tagarsu ya tsinke a ƙasa. Ya sa aka sauke masa shi, ya naɗe ya sa a hammata, ya ce su aiko a karɓa ranar Asabar.