Tsakuwa a Ƙodar Baba

Babanmu direban babbar bas ne, shekara ashirin da shida yana bin layi ɗaya. Ranar da likita ya ce masa sukarin jininsa ya hau, ya dawo gida ya zauna a bakin gado, ko takalmi bai cire ba. Ni ce babba, kuma ni ce mai karance-karance a waya, don haka ni na tsara masa abinci: ba shinkafa, ba burodi, ba taliya, ba sukari a shayi. Kullum da safe sai in markaɗa masa ɗanyen alayyafo cike da babban kofi, in ƙulla masa gyaɗa a leda ya riƙa ci a hanya.

"Ke dai kin mai da ni akuya," in ji shi, amma ya shanye tas.

Cikin wata biyar tumbinsa ya sauka, har Mama ta kai wandunansa wajen tela aka rage. Sukari ya daidaita. Ni kuwa duk wanda ya yaba, sai in ce ai aikina ne.

Wata Talata da hantsi aka kira ni a makarantar da nake koyarwa. Ciwo ya soke shi a kwiɓi yana tsakiyar tuƙi. Ya lallaɓa ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya buɗe wa fasinjoji ƙofa, sannan ya durƙusa. Wata fasinja ce ta kai shi asibiti.

Bayan kwana biyu tsakuwa ta fita a fitsari. Likitar ƙoda, wata dattijuwa, ta nuna mana ita a 'yar kwalba. Ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

"Shinkafar da na bari ce ta biyo ni," in ji Baba. Ban iya dariya ba.

Likita ta tambayi abin da yake ci. Ina lissafawa tana gyaɗa kai. Ta ce alayyafo da gyaɗa suna da wani sinadari, oksalet. Kaɗan ba ya wa yawancin mutane komai, amma in ya yi yawa kullum, ruwa kuma ya yi kaɗan, yakan haɗu da sinadarin kalsiyam a ƙoda ya dunƙule ya zama tsakuwa.

"Ruwa nawa kake sha, Malam?"

"Direba ba ya shan ruwa, likita. Ina zan tsaya?"

Ta ce kada ya koma wa sukari. Ya rage alayyafon, a tafasa shi a zubar da ruwan, a haɗa da madara ko kindirmo, a riƙa canzawa da kabeji da kokwamba. Ruwa kuma dole.

Mako guda ban taka kicin ba. Na ce Mama ta karɓi girkinsa. Abin da ke cina shi ne, ban taɓa tambayar Baba yadda yininsa yake a cikin motar nan ba. Na san abin da ke cikin kofinsa, ban san awa shida yake yi a zaune yana matse fitsari ba.

Ran Asabar ya same ni ina gyaran takardun ɗalibai. Ya jawo kujera.

"Uwata, fushi kike da ni?"

"Ni na kwantar da kai, Baba."

"Ke kika sauke sukarin. Ni na ƙi shan ruwa. Mu raba laifin, ki ɗauki ƙaramin."

Ya ce ya je ofishinsu ya nemi hutun minti goma a ƙarshen kowane zagaye, kuma direbobi huɗu sun sa hannu tare da shi. An ce za a duba. Kafin nan, ya sayi gora mai cin lita biyu.

Na ture takardun, na ɗauko biro da farar takarda.

"To faɗa min daga farko," na ce. "Ƙarfe nawa kake tashin mota?"