Kwalbar da Ta Yi Tsaki

Idrisu direba ne a Riyad, kuma ba ya zubar da kyauta. Shi ya sa kwalbar jan ruwan inabin da matar kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ta ba shi a wani azumi ta yi shekaru a kan kabad, tana shan zafin ɗaki. Ranar da kafil ya ce zai zo duba masaukin ma'aikata, Idrisu ya sauko da ita ya ga murfin ya kumbura. Da ya murɗa sai ta yi tsaki.

In lemo ne, shi ke nan. In ya zama giya, iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta tafi.

Ya kira abokan ɗakinsa biyu. Zayyanu, mai sayar da waya a kasuwar Batha, ya tsiyaya kaɗan a kofin shayi ya ɗaga wa taga.

"Da ja ne, yanzu ya koma ruwan ƙasa. Alama ce."

"Ta me?" in ji Idrisu.

"Ta tsufa mana."

"Ni ma na tsufa, ban zama haram ba. Sansana."

Zayyanu ya sansana ya ce warin kal ne, ruwan tsamin nan da ake zuba wa salak, kuma kal halal ne. Ya sake sansanawa ya ce a'a, dabino ne da ya kwana a mota.

"To ɗanɗana," in ji Idrisu.

"In gwada shi da me? Ka taɓa ganina da giya?"

Duka suka juya ga Issoufou, mutumin Maraɗi, wanda ya taɓa aikin otal kafin ya zo nan ya bar gemu.

"Malam Issoufou, kai da ka ga duniya..."

"Faranti na wanke, wallahi."

Amma ya karɓi kofin. Ya juya shi a hankali, ya duba yadda ruwan ke gangarowa a jikin gilashin, ya sa hanci ya lumshe ido. Ya daɗe a haka.

"Ban sani ba," ya ce.

Sai ya ɗauki kwalbar ya juye ta a masai, ya kora ruwa, ya wanke kofin da omo, ya kunna turaren wuta, ya fita da kwalbar zuwa bolar wani layi.

Kafil ya zo bayan la'asar, ya yaba ƙamshin ɗakin, ya tafi.

"To wai giya ce ko ba giya ba?" Idrisu ya tambaya.

Issoufou yana gyara dardumarsa. "Na ce maka ban sani ba. Amma zafi ya lalata ta. An yi asara."