Tsamiyar Dikko

Da kyar Garzali ya shawo kan mahaifiyarsa, Inna Kulsumu, ta shiga mota. Kwana uku da Sallah, ya ƙudurta sai ya kwashi iyalinsa daga Kiru sun je Tiga sun wuni a bakin ruwa. Inna ta ce ita ba ta ga abin kallo a ruwan da ya cinye garinsu ba. Tun tana 'yar shekara goma, da aka datse kogi aka kwashe su a babbar mota, ba ta sake taka wajen ba. To amma wa zai iya da auta? Ga jikarta Nabila ta riga ta sace mata takalma ta kai mota.

Suka tarar da gari ya cika maƙil. Motoci daga Kano, masu ɗaukar hoto, mata masu suyar kifi, kowa da kwalliyarsa. Badiyya matar Garzali ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta jera kulolin dambu da zoɓo mai sanyi. Inna kuwa ta zauna ta ba ruwa baya, sai ka ce sun yi faɗa jiya.

Ba gidan da ya nutse ne ke cin ranta ba. Mahaifinta ne, Dikko, wanda bai shekara biyu a Kiru ba ya rasu. Duk waɗanda suka san shi sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, saura ita. In ta ɗauko labarinsa, jikoki su saurara kamar tatsuniya, Nabila ma har tsokanarta take da 'yar garin kifaye. Inna ta daɗe da sakankancewa ranar da ta kwanta dama, sunan ya tafi ke nan.

Can Garzali ya dawo da wani masunci mai suna Mas'ud, magidanci mai furfura jefi-jefi, riƙe da ƙarfasa manya-manya. Badiyya ta yaba girmansu. Mas'ud ya ce ai dole, na Tsamiyar Dikko ne, wajen da ya fi ko'ina kifi, sai dai ba ya tausayin raga.

Kofin zoɓo ya tsaya wa Inna a hannu.

"Ɗan nan, na ina ka ce?"

Mas'ud ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya yi mata bayani. Su masunta kowane waje a cikin ruwan nan da sunansa, gwargwadon abin da ke ƙasa: akwai Kasuwa, akwai Marina, akwai Tsamiyar Dikko. Haka ya ji mahaifinsa yana faɗa, haka 'ya'yansa suke faɗa. Ko wane ne Dikkon, wallahi bai taɓa sani ba.

"Ubana ne," in ji Inna.

Sai ga Inna, wadda tun safe ba a ji bakinta ba, ta ɓalle da zance. A gindin tsamiyar nan mahaifinta yake zama yana tufkar igiya, ita kuma tana tsinto wa uwarta 'ya'yan tsamiya na kunu. Duk mai neman gidansu da ita ake masa kwatance. Mas'ud ya ce ruwa ya ja baya bana, kan bishiyar ya fito, in tana so zai kai ta.

Matar da ko rijiya ba ta leƙawa! Garzali ya fara kame-kame, ya ce a bari wata rana. Inna ta ce wace ranar, shi ne mai ba ta tsawon rai? Ta miƙe da kanta, aka saka mata rigar kariya mai ruwan lemo a kan mayafi, Nabila tana ta ƙyalƙyata dariya, ita kuma tana zagin ta da ja'ira. Suka shiga kwalekwale su huɗu, Inna ta riƙe gefensa gam tana salati.

Sun yi nisa sosai, hayaniyar gari ta ɓace, Mas'ud ya daina tuƙi. Wani baƙin reshe ne kawai ya leƙo, bai fi kamu biyu ba, da tsummokaran raga a jikinsa.

Inna ta miƙa hannu ta dafa shi. Ta yi sallama a hankali, irin ta mai shiga gida. Ta yi wa iyayenta addu'a, aka shafa. Hawaye na zuba, amma na daɗi ne, ta kuwa faɗa da bakinta: ta gode wa Allah da ya kai ta wannan rana, ta sa wa autanta albarka da ya yi mata taurin kai. Nabila, da dariya ta ƙare mata tuni, ta tambaya wane irin mutum ne Dikko, Mas'ud ma ya matso don ya ji abin da zai faɗa wa 'yan uwansa masunta.

Kafin Inna ta ba su amsa, sai da ta sake shafa reshen.

"Baffa, ni ina can ina kuka an manta da kai. Ashe kullum safiya sai an kira sunanka."