Miyar Alhamis ta Madam Gunila

Ni na fara ɓata lamarin, gara in faɗa tun yanzu. Sunana Japhet, kuku ne ni a gidan Mama Oby da ke Samaru, inda baƙin jami'a ke kama ɗaki. A daminar 2004 Dokta Nwankwo na jami'ar ya kawo mana wata Baturiya daga ƙasar Suwidin, Madam Gunila, wai ta zo nazarin wake. Ranar da ta sauka ta ce da ni, da Hausarta irin ta littafi, ba ta cin nama, ba ta cin kifi, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Na ce to. A raina na ce kunya ce irin ta baƙo. Mu a ƙauyenmu sai baƙo ya ce ya ƙoshi sau uku kafin ya wanke hannu. Sai na zuba mata shinkafa da miya, na binne tsoka biyu can ƙasan kwano, yadda ake yi wa mutumin da ake ganin girmansa.

Ta tono su da cokali. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ture kwanon.

Washegari Mama Oby ta karɓe girkin, ta ce ni ban iya baƙo ba. Ta sa ganda, ta ce ganda ai fata ce. Rana ta uku ta daka kirefish, busassun 'yan jatan landen nan, ta zuba, ta ce wannan kuma gari ne. Daga nan Madam ta daina cin duk abin da ya shiga tukunya. Ayaba da gyaɗa, gyaɗa da ayaba, har sati uku. Ran Talata ta faɗi a gonar gwaji, aka kawo ta gida a bayan akori-kura.

Dokta Nwankwo ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, “Ran Alhamis ƙarfe ɗaya zan zo da mota. In ban ga kina cin abinci mai zafi da idona ba, Kano za mu wuce ki hau jirgi. Ni ba zan kai wa mutanenki gawa ba.”

Ta ce wakenta yanzu ya fara fure, shekara biyu take jiran furen nan. Ya ce wake ba ya suma. Ya tafi.

Da yamma ta same ni a kicin, tana dafa bango. Ta ce a ƙasarsu duk ran Alhamis akwai miyar da ake ci, sojoji su ci, 'yan makaranta su ci. Da wani irin wake mai ruwan ɗorawa ake yin ta, da albasa da gishiri da ganyen tayim, a dafa har ya faffashe. Sukan sa naman alade, amma in ka bar shi waje miya tana nan miyarta. Akwai kuma wainar dankalin turawa, goga shi kawai za ka yi ka sa gishiri ka soya, a ci da wani jan abu mai tsami da zaƙi. Sai kokwamba, a yanka siriri, a barbaɗa gishiri, a danne da abu mai nauyi har ruwan ya fita, a zuba mata ruwan tsamin nan, binega, da sukari. Tana faɗa tana haɗiyar miyau.

“Zan ci, Japhet,” ta ce. “Amma ban yarda da tukunyar gidan nan ba.”

Ran Laraba da safe na ɗauki tukunyar da kwando na hau motar Sabon Gari. Waken nata babu a kasuwa, sai na sayi gurjiya, don ita ta fi kama da abin da ta zana mini. Jan abin na ce zoɓo zai yi in aka dafa shi da sukari ya yi kauri. Na bi ta bayan layin mahauta don kada a gan ni, amma Ɗanmaraya, wanda kullum wurinsa nake sayen nama, ya hango ni.

“Japhet! Lafiya? Ko rasuwa aka yi a gidan?”

Na yi masa bayani. Ya ajiye wuƙa.

“Baiwar Allah. A ƙasar tasu babu shanu ne?”

Na ce akwai. Ya ce to rowa ce ta yi musu yawa. Ya ɗauko ƙafar saniya guda ya ce in kai mata sadaka. Na yi godiya na ƙi karɓa, na ƙara sauri. Sai da na isa unguwar Muchia na ji kwandon ya yi nauyi, na duba, ga ƙafar a ƙarƙashin albasa. Har yau ban san lokacin da ya sa ta ba.

Chuks mai walda na ba wa ƙafar, a bakin aikin da zai yi mini. Na ce ya yi wa tukunya ƙofa wadda za a sa mata kwaɗo a kulle. Ya kalle ni, ya kalli tukunyar, ya ce shekara goma sha biyu yana yi wa mutane ƙofa da taga, bai taɓa yi wa miya ba. Amma ya yi, aiki mai kyau. Ya kuma huda murfin kaɗan, ya ce in tururi bai sami hanya ba rufin kicin zai tashi.

Ran Alhamis Madam ta tsaya a kaina na dafa zoɓon, sannan na zuba gurjiyar da ta kwana a jiƙe, da albasa, da sauran. Ita ta danna kwaɗon da hannunta, ta rataya makullin a wuya, ta koma ta kwanta. Na yanka kokwamba na sa tsakanin faranti biyu. To, ta ce abu mai nauyi, ba ta ce nauyin kaza ba. Na duba gidan gaba ɗaya, babu abin da ya kai Oga Albert, mijin Mama Oby, wanda tun da ya bar aikin reluwe a zaune yake. Na roƙe shi. Na ɗora katako a kan faranti a tsakar gida, ya zauna da rediyonsa.

“Awa nawa?” ya ce.

Na ce ba ta faɗa ba. Ya ce ba komai, dama ba inda za shi.

Wajen sha biyu da rabi na zagaya baya ɗebo ruwa. Ina dawowa na tarar da Mama Oby a durƙushe gaban murhu, gumi na zuba, tana tura dambun nama ta hudar murfi da tsinken tsintsiya.

“Mama, me kike yi?”

“Rufe bakinka, ɗana. Kaɗan ne. Ko gani ba za ta yi ba.”

“Nawa ya shiga?”

Ta nuna mini leda. Saura kaɗan a ciki.

Gaskiya ta faɗa, ba za ta gani ba. Miyar sai ƙamshi take, ga ƙarfe ɗaya ya kusa. Na tsaya da bokiti a hannu na jima. Sai na ajiye, na je na ƙwanƙwasa wa Madam ƙofa na gaya mata.

Ta fito ta zauna a dakali. Ta cire makullin ta miƙo mini.

“To, bari in haɗa kaya,” ta ce a hankali.

Sai Mama Oby ta fashe. “Ki haɗa! Ki tafi ki gaya wa uwarki kin yi wata guda a gidan Oby ba a ba ki nama ba! Matan coci me za su ce da ni? Ko mai gyaran famfo ya shigo gidan nan sai ya ci tsoka!”

Tana faɗa tana kuka, Madam ma ta fara. Oga Albert ya ƙara muryar rediyo.

Na ce, “Mama, in yi magana?” Ta ce in yi. Na ce a ƙauyenmu in babban baƙo ya zo akan ba shi kaza da ranta, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Bayan nan tasa ce, ko ya ci ko ya ba wanda ya so, ba mai tambayarsa.

Mama Oby ta share ido da bakin zane. “Da hannu biyu?”

“Da hannu biyu.”

“A gaban mutane?”

Madam ta ce ko a gaban gari duka.

Na fito da risho tsakar gida. Na wanke kasko da toka a gaban Madam, na goga dankali tana kallo, na zuba man gyaɗa daga kwalbar da ita ta buɗe. Wainar farko na fitowa motar Dokta na tsayawa. Ya shigo ya tarar da tukunya a kulle a kan wuta, da dattijo zaune a kan faranti, da Mama Oby ta ɗaura sabon gwaggwaro ta rusuna tana miƙa wa Baturiya kan akuya guda a kwanon tangaran. Madam ta karɓa da hannu biyu ta ce, “Na gode, Mama, Allah ya ƙara arziki.” Ta juya ta ba Oga Albert. Da ya miƙe karɓa farantin ya biyo katakon, ya lotse kamar mota ta taka shi. Kokwambar kuwa sai da na kankare ta da wuƙa, kana ɗaga ta kana ganin mutum ta ciki. Na zuba mata binega da sukari haka nan.

Madam ta ɗora zoɓo a kan waina ta kai baki. Ta ci ta biyu ba ta ɗago kai ba. Dokta ya matso ya sa yatsa a ta uku, ya janye da sauri yana hurawa. Ya tsaya yana kallonta har ta cinye bakwai da kokwambar duka, tana dariya tana tauna.

Ya leƙa waje ya ce da direba ya tafi, ba Kano yau. Sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da risho.

“Japhet, dankalin ya ƙare ne?”

Na ce da saura. Na ɗauko na ci gaba da gogawa.